The Cat Concerto: Muzurun da Ba Shi da Damar Ɗaga Hannu

Cikin gajerun fina-finai 114 na Tom da Jerry da William Hanna da Joseph Barbera suka yi wa kamfanin MGM daga 1940 zuwa 1958, guda bakwai ne suka ci lambar Oscar. Da za a ce in ɗauki ɗaya in bar shida, The Cat Concerto zan ɗauka, wanda ya shiga gidajen sinima na Amurka a watan Afrilun 1947. Akwai waɗanda suka fi shi sa mutum dariya har da riƙe ciki, wannan ban musa ba. Amma a sauran, Tom yana da gida sukutum na guje-guje, daga kicin zuwa falo zuwa tsakar gida, ga tsintsiya, ga kasko, wani lokaci har da nakiya. A nan kuwa kujera ɗaya ce da fiyano ɗaya, ga jama'a sun zuba masa ido, kiɗan da ya fara kuma ba shi da ikon tsayar da shi. Duk muguntar da ɓera zai yi masa, sai dai ya rama da hannu ɗaya, ɗayan yana bakin aiki. Daɗin fim ɗin gaba ɗaya a nan yake.

Fiyanon da ake magana ba irin na lantarkin da mawaƙanmu ke amfani da shi a situdiyo ba ne. Wannan babban akwatin katako ne mai ƙafa uku, da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe a miƙe, kowane madanni kuma yana da 'yar gudumarsa da aka lulluɓe kanta da ulu. Da ka danna, sai gudumar ta tashi ta bugi tsirkiya, sauti ya fita. Sai mai kallo ya riƙe wannan a ransa, don rabin faɗan a cikin akwatin ake yin sa. A kan waɗannan 'yan gudumomin Jerry ya shimfiɗa makwancinsa yake sharar barci, bai san an kira taro a kansa ba.

Kiɗan da Tom ya zo yi shi ne Hungarian Rhapsody mai lamba 2, na Franz Liszt, mutumin ƙasar Hangari, wanda ya tsara shi a 1847. Shekara ɗari cif ke nan kafin fim ɗin ya fito. Liszt ya yi irin waɗannan guda 19, amma na biyun ya fi dukkansu suna, kuma makaɗa sun san shi da wahalar da yatsu. Ya kasu gida biyu. Na farko mai nauyi ne, yana tafiya a hankali da ƙasaita. Na biyu kuma rawa ce zalla, yana farawa da sanɗa, ya riƙa ƙara gudu har sai hannu ya gaza. Masu fim ɗin ba su ƙirƙiri wani tsarin labari daban ba, kiɗan suka bi sau da ƙafa. Inda Liszt ya yi sanyi, faɗan tsokana ce kawai da harara. Inda ya ɗauki zafi, a nan ake fid da raini. Scott Bradley, wanda ya riƙe ɓangaren kiɗa na kusan dukkan fina-finan Tom da Jerry na wancan zamani, shi ya datse kiɗan ya daidaita shi da minti bakwai da 'yan kai, alhali asalinsa yakan kai wajen minti goma.

Farkon fim ɗin na fi so, ko da yake shi ne inda yara suka fi ƙosawa. Tom ya fito dandamali cikin baƙar kwat mai jela, hanci a sama, ido a lumshe, ya rusuna wa jama'a rusunawar wanda ya san ya fi su. Ya zauna, ya gyara zama, ya kimtsa hannuwansa, ya ɗauki lokacinsa. Ba duka, ba gudu, ba kowa a dandamalin sai shi, amma tun daga nan mutum yake fara murmushi, don kowa ya san wani mai irin wannan jin kai, kuma kowa ya san yadda ake ƙarewa da shi. Sai ya sauke yatsu. Can ciki gudumomin suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, suna mirgina Jerry daga wannan gefe zuwa wancan yana cikin barcinsa, har ya farka a firgice. Da ya leƙo ya ga mai wannan aika-aika, bai yi fushi ba tukuna. Ya hau saman fiyanon ya zauna, ya riƙa kaɗa yatsa yana kwaikwayon shugaban makaɗa, wai shi ne ke ba Tom umarni. Tom bai ko dube shi da kyau ba, ya sa yatsa ya ɗalle shi, ya ci gaba da abin da ke gabansa.

Wannan ɗallin shi ne mafarin rigimar, kuma ina ganin da gangan aka raba laifin biyu. An tashi ɓera daga barci, gaskiya ne, amma wa ya ce ya tare a cikin kayan sana'ar wani? Tom kuma da ya ƙyale shi da kaɗa yatsansa, da an tashi taro lafiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da muke kallo da yara a gida, ana zuwa inda Jerry ya rufo murfin madannan a kan yatsun Tom, suka baje suka yi faɗi, sai ƙaramar 'yata ta miƙe tsaye: "Abba, to ya tashi ya kama shi mana!" Kafin in buɗe baki yayanta ya ba ta amsa: "In ya tashi, wa zai yi kiɗan?" Ban ƙara komai a kai ba. Halin da Tom yake ciki irin na mace ce mai tuƙa tuwo yaro yana ja mata zane: ta ji haushi, ta harare shi, ta kai masa mangari da hagu, amma in ta saki muciya tuwo ya yi gudaji. Da yatsun nan a baje haka ya ci gaba da bugawa, fuska a murtuke, sauti bai karye ba.

Wurin almakashi ya cancanci a tsaya a kai. Akwai gaɓar da kiɗan ke sa hannun dama ya riƙa zuwa can ƙarshen madannai, wajen sirara, ya taɓa ya dawo, ya taɓa ya dawo. Jerry ya laɓe a wurin da almakashi a buɗe, yana jiran yatsa. Duk sa'ad da yatsan ya zo, sai ya datse, amma ya makara da ƙiftawar ido, sai iska ya yanka. Haka aka yi ta yi har ɓeran ya galabaita yana haki. Abin lura shi ne kowane datsi yana faɗawa daidai kan bugun kiɗan, har ƙarar almakashin ta zama kamar cikin tsarin take. Da wannan dabara ta ƙi, sai ya zare fararen madannai ya ɗana tarkon ɓera a gurbinsu. Tom ya riƙa buga na dama da na hagu da tarkon, yatsunsa suna tsallake shi, kai mai kallo kana ta jira, ka san abin zai faru amma ba ka san yaushe ba. Sai da ka fara sakin jiki sannan tarkon ya kama. Ɓera ya ɗana wa kyanwa tarkon ɓera, ya kuma kama ta. Ko ba kiɗa wannan ya isa dariya, amma jinkirin da kiɗan ya tilasta shi ya ninka ta.

Daga nan abin ya riƙa hauhawa. Tom ya haye kan fiyanon yana neman Jerry da hannu biyu, yatsun ƙafarsa suna ci gaba da kiɗan. Jerry ya shiga ciki ya riƙa taka rawa a kan gudumomin, na ɗan lokaci ya karkatar da kiɗan Liszt zuwa wata waƙar jirgin ƙasa, On the Atchison, Topeka and the Santa Fe. Mu a yau wannan zai wuce mu ba mu sani ba, amma 'yan kallon 1947 sun gane nan take, don waƙar daga wani fim ɗin MGM ce, The Harvey Girls na 1946, kuma ita ma ta ci Oscar a daren da wannan katun ya ci tasa. Talla ce kamfanin ya yi wa kansa a tsakiyar faɗa. Sannan Tom ya cafke ɓeran ya cusa shi cikin kujerar da yake zaune a kai, Jerry kuwa ya lalubo abin ɗaga kujerar, ya murɗa ta sama, ya sako ta, muzuru ya rikito kan madannai.

In ka tuna yadda aka yi aikin, sai girmansa ya ƙaru a idonka. Ba kwamfuta a lokacin. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, minti bakwai ya haura hoto dubu goma ke nan. Ba kowanne ne sabon zane ba, amma inda motsi ya yi sauri dole a zana kusan kowanne daban, da fensir a takarda, a kwafe shi da tawada a kan leda mai garai-garai, a shafa fenti ta baya, a ɗora a kan zanen bango, a ɗauka da kyamara, a cire a sa na gaba. Kenneth Muse da Ed Barge da Irven Spence su ne masu zanen da aka rubuta sunayensu. Rabon aikin daraktocin biyu kuwa sananne ne: Barbera ke zana labari da dabarun ban dariya, Hanna ke auna lokaci, ya ce wannan motsi hoto kaza zai ci, wancan duka a kan wannan bugu zai sauka. A fim irin wannan, aikin Hanna ne ƙashin baya. Ni ba makaɗi ba ne, amma ido yana gani: in sauti ya yi kauri hannun Tom yana hagu, in ya sirance yana dama, in ya gangaro a guje sai ka ga yatsun sun share madannan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ba a yi ha'incin nan na kaɗa hannu kawai a ce ai yara ne masu kallo ba. Da ma kuma ba don yara kaɗai aka yi shi ba. A sinima ake nuna irinsa kafin babban fim, manya ne cike da kujeru.

Ƙarshen shi ne inda nake samun saɓani da yarana. Haƙurin Tom ya ƙare, ya danna Jerry cikin gudumomin ya saki hannu, suka yi ta jibgarsa ta ko'ina, suna wurgi da shi, suna zane masa ɗuwawu. Jerry ya fito rai a ɓace, ya karya guduma biyu ya riƙe su kamar makaɗin ganga, ya hau dukan tsirkiyoyin da kansa. Yanzu kiɗan ya bar hannun Tom. Madannai suna motsi, dole ya bi su don kada jama'a su gane ba shi ke yi ba. Ɓeran ya kai kiɗan kamar ƙarshe, Tom ya numfasa zai miƙe, sai a sake ɗauko shi da gudun da ya fi na baya. Aka maimaita masa haka har ya zube a kan fiyanon, kwat ta yage, hannayenta sun zazzago. Jama'a suka kaure da tafi, fitila ta haska Jerry, ya rusuna ya karɓi yabon. Yara suna ihu suna murna. Ni kuwa tausayin Tom nake ji. Shi ya yi kiɗan tun daga farko, da yatsu a baje, da tarko a hannu, har da ƙafa, bai bar wa jama'a giɓi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Karin maganar nan ta dace da masu fim ɗin su kansu. A wancan zamani furodusa ake bai wa lambar Oscar ta katun, don haka dukkan guda bakwai ɗin da sunan Fred Quimby aka rubuta su, shugaban sashen katun na MGM, mutumin da ba ya zane. Hanna da Barbera ba a kira sunansu ba ko sau ɗaya. The Cat Concerto ita ce ta huɗu a jere, bayan The Yankee Doodle Mouse da Mouse Trouble da Quiet Please!, kuma an ba ta ne a bikin ranar 13 ga Maris 1947, makonni kafin jama'ar gari su ga fim ɗin a sinima.

Akwai kuma wata rigima da ta biyo fim ɗin har yau. A watan Nuwamban 1946 kamfanin Warner Bros. ya fitar da Rhapsody Rabbit na darakta Friz Freleng, inda zomon nan Bugs Bunny ya fito cikin kwat, ya zauna gaban fiyano, ya kama wannan kiɗan na Liszt, wani ɓera ya hana shi sakat, ya kuma ƙwace masa ƙarshen kiɗan. Kamannin ya yi yawa. Kowane ɓangare ya ce ɗayan ne ya yi masa sata, aka kuma sa kamfanin Technicolor a tsakiya, tunda shi ke wanke wa dukkansu fim. Ba a taɓa yanke hukunci ba. Na kalli na zomon, kuma a ganina ko wa ya riga wani, na muzurun ya fi. Bugs yana tsayawa ya yi abin da ya ga dama, ya amsa tarho, ya yi wasa da 'yan kallo, kiɗan bawansa ne. Tom kuwa shi ne bawan kiɗan, shi ya sa kowane duka ya fi shiga. Freleng dai bai daɗe yana cizon yatsa ba, don a shekarar da ta biyo fim ɗinsa Tweetie Pie ne ya katse wa Tom da Jerry jerin nasarorinsu. Abin dariyar shi ne yanzu fina-finan biyu a hannu ɗaya suke: kamfanin Turner ya sayi tsofaffin fina-finan MGM a 1986, shi kuma ya haɗe da Time Warner, uwar kamfanin Warner Bros. a lokacin, a 1996.

Ga iyaye, abin da zan faɗa kaɗan ne. Ba a magana ko kalma ɗaya a ciki, don haka ba ruwan yaro da jin Turanci. Babu bindiga, babu nakiya, babu kuma baƙar mai aikin gidan nan da ke fitowa a wasu tsofaffin fina-finan Tom da Jerry, wadda aka zana da sigar raina baƙar fata. Almakashin ne kaɗai ya sa na ɗan ja kunnen ƙaramar, don yaro da kwaikwayo sai Allah. Ɗan shekara uku ko huɗu zai iya gajiya kafin faɗa ya kankama, tunda wuri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, launukan kuma masu duhu ne. Sannan fim ɗin kiɗa ne tsantsa. Gidan da ba a sauraron kiɗa, gara a zaɓi wani, don in aka kashe murya babu abin da ya rage sai muzuru yana kaɗa yatsu.

Babbar matsalar da na ci karo da ita ba daga fim ɗin take ba, daga kwafin da ke yawo ne. Wanda aka fara tura mini a waya a shagon masu tura fina-finai ya zo cikin tarin katun da aka haɗa wuri ɗaya. An yi fim ɗin ne a tsohon fasalin allo mai kusan murabba'i, sai wani ya datse sama da ƙasa don ya cika faffaɗan allon zamani. A wasu wurare madannan da yatsun, waɗanda su ake kallo, rabinsu ya fita daga hoton. Muryar kuma tana biyo hoto a baya da ɗan kaɗan. A wani katun ɗin ba za ka damu ba, amma a nan sai ka ga yatsa ya sauka, sannan sauti ya zo daga baya yana jan ƙafa, duk wahalar da Hanna ya sha ta tashi a banza. Na koma na nuna wa mai shagon.

"Malam, dubi nan, ai sun yanke masa hannu."

Ya karɓi wayar ya duba, ya yi dariya. "Yallaɓai, haka ya zo mana. Ai yara ba ruwansu, su dai su ga ana duka."

Ban ga laifinsa ba, abin da ya samu ya tura. Amma da wani abokina ya ara mini faifan Tom and Jerry Golden Collection na farko, wanda Warner ya fitar a 2011, sai na ga ashe fim biyu ne daban. Hoton ya cika, da baƙin fili a dama da hagu kamar yadda ya kamata, launin ya fito, ana ganin sheƙin fentin fiyanon, kowane bugu kuma yana sauka tare da yatsansa. Yaran da aka ce ba ruwansu, su suka ce a maimaita.

Wanda zai karɓi kwafi, a shago ne ko a intanet, ya gwada shi kafin ya biya ko ya ƙona data. Ya duba ko akwai baƙin fili a gefe biyu na hoton. In hoton ya cika allon waya baki da baki, an datse shi ko an ja shi. Ya duba tsawonsa, in bai kai minti bakwai ba an yanke wani abu ko an ƙara masa gudu. Sannan ya tsallaka kai tsaye zuwa wurin almakashi ya sa kunne. In ƙarar datsin ta zo tare da rufewar almakashin, kwafin mai kyau ne. In ta makara, a mayar wa mai shi.